Loton kalmomi: ba'a ga manya, karatu ga yara

Duk wanda ya taɓa zama taron bita a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ya san irin gyangyaɗin da ke kama mahalarta da zarar an gama cin abincin rana. Mai jawabi na tsaye gaban allo, yana jero kalmomin da kowa ya riga ya haddace: «renforcement des capacités», «synergie», «parties prenantes», «résilience», «feuille de route». Kowa na gyaɗa kai, amma in aka tsai da mutum bakin ƙofa aka ce ya faɗi da Hausa abin da aka yanke, sai ya shiga kame-kame. Wannan ciwo bai tsaya ga Nijar ba. A Amurka ma ya taɓa gundurar wasu ma'aikata, har suka yi masa magani da wani wasa da suke shiryawa cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Wasan shi ne batun wannan fili a wannan mako, domin bayan dariyar da ke cikinsa, yana da amfanin da ya kamata malaman lakwal, da na yaƙi da jahilci, da iyayen yara su sani.

Asalin wasan

Tushensa shi ne loto na lambobi, wanda masu tarihi ke kai farkonsa ƙasar Italiya cikin ƙarni na 16. Daga can ya shiga Faransa, inda ya samu siffar da aka san shi da ita har yau: lambobi 90, da kati mai layi 3 a kwance da 9 a tsaye, kowane kati ɗauke da lamba 15. Mai kira na zaro lamba daga jaka yana faɗa, wanda ya ga lambar bisa katinsa ya aza mata alama, wanda ya riga kowa cika layi ya ci. Cikin ƙarni na 19 Jamusawa suka kai shi makaranta, suna koya wa yara lissafi da rubutun kalmomi da sunayen dabbobi da shi.

A shekarar 1929 wani ɗan kasuwar kayan wasan yara na birnin New York, mai suna Edwin Lowe, ya tarar ana irin wannan wasa a wani dandalin shagali na jahar Jojiya. Da ƙwayar wake ake aza alama. Ya ɗauko shi, ya buga katuttuka, ya sayar da shi da sunan bingo. Katin Amurka na da gida 25, biyar sau biyar, lambobin kuma daga 1 zuwa 75. Gidan tsakiya kyauta ne ga kowa, saboda haka lamba 24 ke bisa kati. Hanyoyin ci 12 ne: layi 5 a kwance, 5 a tsaye, da 2 a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa.

Yadda ya shiga ɗakin taro

A shekarar 1993, wani masani mai suna Tom Davis, ma'aikacin kamfanin Silicon Graphics na jahar Kaliforniya, ya rubuta wata ƴar manhaja mai buga irin waɗannan katuttuka. Maimakon lambobi, sai ya zuba cikin gidajen kalmomin burga da shugabannin kamfanoni ke yawan maimaitawa wajen taro. Ma'aikaci ya shiga taro da katinsa a ɓoye, duk lokacin da shugaba ya furta kalma ɗaya daga ciki sai ya soke ta. Wanda ya cika layi ya ci, sai dai tashi a faɗa gaban shugaba na bukatar ƙarfin hali. A 1994 mai zanen barkwanci Scott Adams ya sa wasan cikin zanensa na Dilbert da jaridu ke bugawa, daga nan ya bazu. A 1996, sa'ad da Al Gore, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, ya je jawabi wajen bikin yaye ɗaliban babbar makarantar fasaha ta MIT, wasu ɗalibai sun rarraba wa ƴan uwansu katuttuka cike da kalmomin da aka san shi da son faɗi. An tsegunta masa, shi ma ya taɓo zancen cikin jawabinsa.

Cikin shekarar 1996 ɗin nan ce ƙaramar na'urar aljihu ta kamfanin Palm ta fito, wadda ake taɓa fuskarta da ɗan tsinke. Da irin waɗannan na'urori, mai wasa bai da bukatar takarda: yana soke kalma bisa gilashi, mai jawabi na zaton rubuta hikimarsa ake yi. Yau wayar salula ta gaji wannan aiki.

Hausawa na cewa da wasa ake gaya wa wawa magana. Abin da wasan ke gaya wa masu jawabi shi ne: kalmar da mai saurare zai iya rubutawa tun kafin a buɗe baki, ba ta ɗauke da wani labari. Wanda ke shirya jawabi na iya gwada kansa da wannan ma'auni. Ya jera kalmomi 24 da ya san abokan aikinsa za su sa bisa kati, sa'an nan ya duba takardarsa ya ga nawa ne a ciki, ya maye kowace da abin da yake nufi a zahiri: rijiya nawa, a wane gari, wa zai biya, yaushe za a gama.

Abin da ya shafi lakwal

Dariya ta ƙare nan, saura batun da ya fi nauyi. Binciken PASEC, wanda ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu amfani da Faransanci ke gudanarwa, ya nuna a 2014 cewa cikin ƴan aji na ƙarshe na firamare a Nijar, ko ɗaya cikin goma bai kai matakin karatun da ake bukata ba. A zagayen 2019 an samu ci gaba, amma har a lokacin waɗanda ba su kai ba sun fi yawa. Ma'ana, yaro na iya shekara shida yana zuwa lakwal, yana maimaita abin da mushe ya faɗa da babbar murya, alhali in aka nuna masa kalma guda ita kaɗai, ba ya gane ta.

Koyarwa da harsunan gida kuwa tsohon zance ne a ƙasar nan. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta farko ta gwaji da Hausa a Damagaram. Dokar tsarin ilimi ta ranar 1 ga watan Yuni 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A 1999 ma'aikatar ilimi ta tsai da ƙa'idar rubutun Hausa. Sa'an nan a watan Maris 2025, kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Dokoki dai ga su nan. Abin da malami ke nema ran Litinin da safe shi ne kayan aiki masu arha da za su sa yaro ya dubi kalma da idonsa.

A nan loton kalmomi ke da rana. Cikin karatun haɗin baki, yaron da bai iya ba na ɓuya cikin muryar sauran. Cikin loto kuwa, katin kowa daban yake da na maƙwabcinsa, saboda haka leƙe ba ya amfani. In mushe ya ce «ƙaya», dole yaro ya bi gidajen katinsa ɗaya bayan ɗaya, ya bambanta ta da «kaya». Cikin wasa guda yakan karanta kowace kalma ta katinsa sau da yawa ba tare da an tilasta masa ba, domin yana son ya ci. Kuma malami da ke zagayawa na ganin wanda ya tsaya, abin da karatun haɗin baki ba ya nuna masa.

Zaɓen kalmomi

Manhajojin da ake samu a intanet na zuwa da jerin kalmominsu na Ingilishi ko na Faransanci, na dusar ƙanƙara da bukukuwan da yaron Tasawa ko na Madawa bai taɓa gani ba. Amfanin wasan duka na ga canza wannan jeri. Malami ne ya san darasin makonsa, shi ya kamata ya rubuta kalmomin.

Ga ƴan CI da CP, kati mai gida 9 ya isa, uku sau uku, wanda ke da hanyoyin ci 8. Yaran da suka ga ana dara bakin kasuwa sun riga sun san jera uku, ba sai an daɗe ana bayani ba. Ga ƴan CE, gida 16, mai hanyoyin ci 10. Kati mai gida 25 sai ƴan CM da manya na yaƙi da jahilci.

Akwai kuskuren da masu farawa ke yawan yi. In jerin kalmomi 24 ne, gidaje kuma 24, kowace kalma na bisa kowane kati, wurinta kawai ke bambanta. Wasan zai ƙare da wuri, in kuma aka ce sai an cika kati duka, aji gaba ɗaya zai ci a lokaci guda. Dole jerin ya fi gidajen yawa, kamar ninki biyu ko uku. Daga kalmomi 30 ana iya zaɓen 9 ta hanyoyi 14 307 150, ke nan ko aji ya kai yara ɗari, da wuya katin wani ya zo daidai da na wani. In kuma jerin ya yi tsawo ƙwarai, yara za su daɗe ba su soke kome ba, su gaji.

Mafi amfani shi ne a haɗa kalmomi masu kama da juna: kaya da ƙaya, kafa da ƙafa, baki da baƙi, bari da ɓari, daka da ɗaka, kara da ƙara. Tun da rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, kalma kamar «gari» na iya zama na mutane ko na hatsi, saboda haka mai kira ya riƙa sa kowace kalma cikin jimla kafin ya sake faɗinta ita kaɗai. Ga manyan azuzuwa ana iya juya wasan: a kira kalma da Faransanci a neme ta da Hausa bisa kati, ko a faɗi ma'ana a bar yaro ya gano kalmar. Masu yaƙi da jahilci na iya zuba kalmomin da ɗalibansu ke cin karo da su: sunayen watanni, da na iri da taki, da abin da ke rubuce bisa katin awon ciki da na rigakafi.

Yadda ake buga katuttuka da kwamfuta

Ba sai an sayi wata manhaja ta musamman ba. Excel na yi, haka ma LibreOffice Calc wadda kyauta ce, kuma ba ta bukatar intanet in an riga an sa ta. A ce kalmomin 40 ne. A rubuta su cikin layin A, daga A1 zuwa A40, kowace a gidanta. Cikin B1 a rubuta =ALEA(), a ja shi har B40. Wannan na ba kowace kalma wata lamba ta ƙuri'a. Cikin C1 a rubuta =RANG(B1;B$1:B$40), a ja shi har C40. Yanzu layin C na ɗauke da lambobi daga 1 zuwa 40 a cakuɗe, ba wadda ta maimaitu.

Sa'an nan a zana katin a gefe. Cikin gidansa na farko a rubuta =INDEX(A$1:A$40;C1), cikin na biyu a sa C2 maimakon C1, haka har gida na ƙarshe. Duk lokacin da aka danna F9, ƙuri'a ta sake, sabon kati ya fito. Waɗannan sunaye na na'urar da ke aiki da Faransanci ne. A wadda aka sayo Kano ko Katsina mai aiki da Ingilishi, RAND da RANK ake rubutawa, da waƙafi maimakon waƙafi mai ɗigo. Abin lura shi ne katin na canzawa da zarar an taɓa wani gida, don haka a buga shi nan take, ko a adana shi a PDF, kafin a sake dannawa. Ana iya jera kati huɗu masu gida 9 bisa takarda ɗaya, muddin kowane na da nasa layin ƙuri'a. In aka manna su bisa kwali, aka yi amfani da tsakuwa ko ƙwallon dabino wajen aza alama, za su kai ƙarshen shekara.

Tarkon baƙaƙe masu ƙugiya

A nan ne aikin mai Hausa ya bambanta da na Bature. Baƙaƙe huɗu, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su bisa allon rubutun Faransanci. Mutane da yawa sun saba watsar da ƙugiyar cikin saƙonnin salula, mai karatu na ganewa daga ma'ana. Bisa katin loto kalma ita kaɗai take tsaye, ba jimlar da za ta taimake ta. In ƙaya ta zama kaya, malami ya koya wa yara kuskure da hannunsa.

Baƙaƙen duka na cikin tsarin Unicode da na'urorin yau ke aiki da shi, kowane da lambarsa: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4. Ana samunsu ta wurin «caractères spéciaux», kuma wanda ya sa su sau ɗaya cikin wani gida na gefe, sai ya riƙa kwafowa. A zaɓi salon rubutun da ya san su, in ba haka ba wani ɗan akwati zai fito a madadin baƙin. Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara musamman domin masu koyon karatu, kyauta ne kuma yana da su duka. Haka DejaVu Sans da Noto Sans. In za a fitar da jerin zuwa wata na'ura, a adana shi da tsarin UTF-8, kalma ɗaya bisa kowane layi, don kada baƙaƙen su koma alamar tambaya.

Akwai kuma wani ɗan tarko ga mai kwafo kalmomi daga littattafan Najeriya. Can, sautin da Nijar ke rubutawa ƴ, da alamar ɗauri da y ake rubuta shi, wato 'y. Excel kuwa na ɗaukar alamar da ta zo farkon gida a matsayin umarni gare shi, sai ya ɓoye ta. Wanda ya rubuta 'ya'ya zai ga ya'ya, wanda ya rubuta 'yan zai ga yan. Bin ƙa'idar 1999 na kau da wannan matsala, kuma ita ce yara ke gani cikin littattafan da aka buga a ƙasar nan.

Wayar salula

Lakwal nawa ke da kwamfuta da injin bugawa da wutar lantarki? Wayar mushe ta fi kusa. Allon rubutu na Gboard na da Hausa, in aka zaɓe ta cikin harsuna ana samun baƙaƙe masu ƙugiya ba wahala. Manhajojin bingo kuwa suna da yawa ga mai wayar Android, sai dai a tantance. Kafin a amince da wata, a gwada abu huɗu: tana barin mutum ya zuba nasa jerin kalmomi, tana nuna ƙ da ƴ daidai, tana aiki ba intanet, kuma ba ta neman kuɗi ko nuna tallar caca. Wadda ta faɗi ɗaya daga ciki, a goge ta.

Waya ɗaya ta wadatar da aji. Malami ya rubuta kalmomi 30 bisa babban allo, kowane yaro ya zana gida 9 bisa ƙaramin allonsa, ya zaɓi 9 da yake so ya kwafa da alli. Kwafar ma darasin rubutu ce. Wayar na cakuɗa jerin tana fito da kalma ɗaya bayan ɗaya, tana kuma riƙe waɗanda aka kira, domin a bincika allon wanda ya ce ya ci. Sharaɗi shi ne ya tashi ya karanta layinsa da ƙarfi, in ya kasa a ci gaba da wasa. Ranar da caji ya ƙare, ƙwarya da ƴan guntayen takardu na yin aikin wayar daidai.

Batun caca

Wani uba na iya jin kalmar loto ya ɗaure fuska, kuma yana da hujja. A garuruwan nan loto da PMU kuɗi ake zubawa, an kuma ga gidajen da suka girgiza saboda su. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta caca, kowa ya sani. Bingo kansa a Amurka da Ingila galibi da kuɗi ake yinsa. Saboda haka malamin da zai kawo wasan cikin aji, wajibi ne ya tsare iyaka: ba a karɓar ko dala daga hannun yaro, ba a sayar da kati, ba a cin na wani. Ladar wanda ya ci ita ce tafi, ko a ba shi kiran kalmomi a zagaye na gaba, wanda shi ma karatu ne. Ya kyautu a bayyana wa ƙungiyar iyayen yara tun farko, har a gayyato su su gani, tun da gani ya kori ji. In sunan ne ke kawo ruɗu, a kira shi wasan jera kalmomi.

Kada kuma a aza masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Loto na koya gane kalma, fahimtar labari kuwa sai da littafi da malamin da aka horar. Minti goma sha biyar a ƙarshen darasi, sau biyu a mako, sun isa, kuma a riƙa sabunta jerin, domin yaro na iya haddace siffar kalma ba tare da ya karanta ta ba.

Saura kira ga masu ruwa da tsaki. Cibiyar INDRAP, da makarantun horar da malamai, da masu duba lakwal, su ne suka fi kowa sanin kalmomin kowane darasi. Da za su shirya jeri-jeri da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da Buzanci, rubuce bisa ƙa'ida, a rarraba wa malamai ta waya, da aikin bai ci kuɗin taron bita guda ba. Malamin da ya riga ya shirya nasa kuwa, ya miƙa wa na ƙauyen gaba. Allah ya ba da sa'a, sai mako mai zuwa.